Ranar da Na Toshe Ƙofar Lungu

Da aka raba gadon mahaifinmu, gonaki suka tafi wajen maza, shagunan bakin kasuwa ma haka. Ni aka ba ni gidan haya na bayan tashar motocin Mai'adua. Ba ni da abin cewa a kan malamin da ya yi rabon, domin a ƙiyasi gidan ya kai rabona har da ɗoriya. Sai dai babu wanda ya sa sunan gidan a cikin ƙiyasin.

A unguwar "gidan kowa" ake ce masa. Idan fasinja ya faɗa wa ɗan acaba can za shi, sai ɗan acaba ya waiwayo ya ƙare masa kallo kafin ya tayar da babur. Iyaye sun hana 'ya'yansu shiga. Lokacin ban daɗe da dawowa Daura ba, bayan na ajiye aikin fassara da karanta labarai a gidan rediyo, kuma rabona da gidan tun ina yarinya, sa'ad da mahaifinmu ke zama a zaurensa ranar Juma'a yana sauraron koken masu haya. Yayana ya ba ni shawara tun kafin a gama zaman rabon: in sayar, in huta. Ya ce har akwai mai saye, wani Alhaji da ke haya a gaban gidan yana sana'ar fetur.

Na ce sai na gani da idona.

Da na je, na tarar babu zaure. Ginin yana nan, amma an sa masa ƙofar ƙarfe, an toshe bayansa da bulo, ciki kuma jarkoki ne jere har kusa da rufi, waɗanda babura ke kwasa zuwa bakin iyaka. A shekarun da mahaifinmu ya yi yana jinya, wanda ya wakilta kan gidan ya ba Alhaji hayar zauren. Su kuwa mutanen gidan sai aka fasa musu katanga ta gefe, ta cikin wani lungu, aka maƙala ƙyauren kwano. Ta nan na shiga, ina tsallake kwatar gidan, wadda ta cika ta malale lungun har ƙofofin maƙwabta. Masai ɗaya ya cika an rufe shi da buhu, ɗayan kuma kowa ke layi a kansa. Warin fetur ya kai har inda mata ke hura wuta.

Ɗakuna goma sha biyu ne a gidan. Can ƙurya 'yan acaba ne, samari. Akwai malaman makaranta biyu da iyalinsu, da wani tsoho mai wankin hula da ke shanya aikinsa a kan igiyar kowa. Akwai wani ɗan kasuwa Ibo da matarsa, mai sayar da kayan gyaran babur, ya kama ɗaki biyu, ɗaya na kwana ɗaya na ajiyar kaya. Ɗakunan da ke daf da sabuwar ƙofar kuwa na mata biyu ne marasa aure. Na hagu na wata mai waina ne da mijinta ya rasu. Na dama na wata ma'aikaciyar lafiya ce, bazawara mai 'ya'ya biyu, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a hanyar Baure. Malama kowa yake ce mata a gidan.

Ban kwana biyu da zuwan nan ba mai unguwa ya aiko kirana. Tsoho ne, abokin mahaifina, ya san ni tun ana goyona. Na same shi a ƙofar gidansa da dattawa kaɗan, ciki har da Alhaji mai fetur. Aka gaisa, aka sake yi mini ta'aziyya, aka yabi mahaifina. Sannan ya zo kan magana. Ya ce gidan ya zame wa unguwa abin kunya, maza na shiga suna fita ba sallama, kuma kowa ya san wurin wa suke zuwa. Ya ce maganin a hannuna yake: in sallami matan nan biyu, musamman Malama, wadda kullum namiji daban ke sauke ta a babur. In na yi haka sunan gidan zai wanku. In ban yi ba, zai kai magana gaban hakimi, ya kuma kira duba-gari su rufe gidan.

"Baba," na ce, "wa ya ga wani ya shiga ɗakinta?"

"'Yata, ai abin da kowa ya sani ne."

"Ranka ya daɗe, a cikin kowan nan ina son mutum ɗaya da zan zauna da shi ya gaya mini ranar da ya gani."

Wani dattijo ya ce wannan tambaya irin ta 'yan jarida ce, nan kuma ba gidan rediyo ba ne. Na ce gaskiyarsa. Na nemi a ba ni lokaci, aka ba ni, ba don an so ba.

Abin da na yi da lokacin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Tabarma na shimfiɗa a bakin ɗakin Malama, ina zuwa da hantsi in zauna har la'asar. Ita ba ta yi murna da ni ba. Ranar farko ta kawo mini ruwa, ta tsaya a kaina ta ce, "Hajiya, in korata za ki yi, ki faɗa mini yau. Ba na son a yi ta shafa mini kai ana wasa wuƙa." Na ce mata ban zo da wuƙa ba, kallo na zo yi. Ta ce to in yi kallo lafiya, ta shige ɗaki.

Maza suna shiga gidan, wannan gaskiya ne. Da safe masu sayen waina. Da rana makanikai masu neman kayan babur a ɗakin ajiyar Ibo, wanda duk gidan ke kira Oga. Da yamma abokan 'yan acaba. Dukkansu ƙofa ɗaya suke bi, kuma wanda ke tsaye a bakin lungu abin da zai gani shi ne namiji ya tura ƙyaure ya ɓace a daidai labulen Malama. Babu inda baƙo zai tsaya ya yi sallama a kira masa wanda yake nema, saboda wurin da aka gina don haka yana cike da jarkoki. Batun babur kuwa, motar haya ke sauke ta a tasha, ta hau duk acabar da ta samu.

Akwai kuma wasu masu shiga da ba a ambata a zaman mai unguwa ba. Mata ne na unguwar, cikin manyan hijabai, suna bin jikin katanga. Wannan ta zo a auna mata hawan jini, waccan ta kawo yaro mai zazzaɓi a duba ko na asibiti ne, wata ta zo a wanke mata ƙuna. Su kaɗai na ga sun ɗaga labulen Malama sun shiga. Na gane da yawa daga cikinsu. Mazansu ne suka zauna a gefen mai unguwa ranar da ya kira ni. Da suka gan ni a tabarma sai su ja hijabi su rufe baki, mu gaisa a gajarce.

Na tambayi Malama ko mazan sun san matansu na zuwa. Ta yi dariya ta ce wasu sun sani sarai, su ke ba da izini ma, da sharaɗin a bi ta lungu kada a gani.

A nan na raba koken unguwa gida biyu. Kwata gaskiya ce, masai gaskiya ne, shiga ba sallama gaskiya ne, kuma duk laifin mai gida ne, wato ni yanzu. Sauran kuwa babu wanda ya yarda ya tsaya a kansa. Na fara da kwata, na sa aka yashe ta aka yi mata rufi har bakin babbar hanyar ruwa. Aka kwashe masai aka gina wani. Maƙwabta suka fara amsa gaisuwata da ɗan sakin fuska, suna jiran su ga kayan matan nan a waje.

Sai na aika wa Alhaji mai fetur cewa ina bukatar zaurena.

Yayana ne ya fara isowa, ko zama bai yi ba. Ya ce mutumin nan a sahun farko yake salla, shi ya sa wa masallacin unguwa fanka, kuma hayar da yake biya ta fi ta rabin gidan. Ya ce an ce in kori mutum biyu, na tsallake su na je na taɓo wanda babu mai kuka da shi. Na ce, "Yaya, ni ina kuka da shi." Ya ce in na ja wa kaina rigima kada in neme shi. Na ce na ji.

Alhaji da kansa bai zo ba, aike ya yi cewa mahaifina bai taɓa ɗaga masa murya ba, kuma ba mace ce za ta tashe shi daga wurin neman abincinsa ba. Na sake aika masa cikin ladabi, na ba shi wa'adi mai yalwa. Wa'adi ya cika jarkoki suna nan, har an ƙaro wasu.

Tun da da duba-gari ake yi mini barazana, sai na je ofishinsu da ƙafata na ce su zo su duba gidana. Jami'in ya tambaye ni sau biyu ko ni ce mai gidan, domin bai saba ganin mai gida ya kai ƙarar kansa ba. Suka zo. Suka duba kwata da masai, suka ce ba laifi. Sannan suka tsaya tsakanin murhun mai waina da bangon da fetur ke bayansa, suka auna da ido. Ba su yi dogon bayani ba, suka ce a fitar da fetur ɗin. Cikin makon Alhaji ya kwashe kayansa. Ranar da yake kwashewa ya ce wa mutane, yadda zan ji, wai zan ga abin da zai biyo baya.

Aka rushe bulon da ya toshe zauren. Aka wanke daɓen da omo da toka, aka sake wankewa, amma warin fetur ya daɗe bai fita ba. Na sa aka yi farin fenti, aka gyara dakalin ciki. Mutane da dama suka zo neman hayar wurin, mai shayi, mai cajin waya, mai aski. Na ce ba na haya ba ne. Na kira tsoho mai wankin hula na ce ya dawo da sana'arsa zaure, kyauta, da sharaɗi ɗaya: duk namijin da ya zo, a nan zai tsaya, shi kuma ya kira masa wanda yake nema.

"Uwar ɗakina," ya ce, "ai kin samu mai gadi da ba ya barci. Murya kuwa, da ni aka ɗauka a rediyo da ba a ɗauke ki ba."

Oga ma na yi magana da shi a kan ɗakin ajiyarsa. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, domin a Daura ya girma. Bai ja da ni ba. Ya ce dama matarsa ta gaji da makanikai suna ratsa mata wanki, ya kwashe kayan ya mayar shagonsa. Mai waina kuma na ce ta fito da tandarta gefen zaure ta waje.

Saura ƙofar lungu. Na yi zaton kowa a gidan zai yi murna da toshe ta. Malama ce ta fara tsaya mini.

Ta ce in na toshe ƙofar nan na yanke wa matan unguwa hanya. Akwai tsofaffi a cikinsu da ba su iya zuwa asibiti sai an kai su, kuma ba a kai su sai sun faɗi. Ba za su bi ta zaure ba, ba za su iya ba. Ta ce sunanta ya riga ya ɓaci, ta saba, amma hawan jini ba ya jira a gama gyaran suna. Na ce mata muddin ƙofar nan tana buɗe, unguwa za ta ci gaba da amfana da ita ta baya tana zaginta ta gaba, kuma ni ba zan riƙe musu ƙyauren ba. Ta ce, "Gidanki ne, Hajiya." Ta faɗe shi yadda ake faɗa wa wanda ba a yarda da shi ba.

Magini ya zo da safe, ya cire ƙyauren kwanon ya jingine, ya fara jera bulo. Maƙwabta suka fito bakin ƙofofinsu suna kallo. Wata mata ta leƙo ta saman katanga ta tambaye ni, ƙasa-ƙasa, ko ba za a bar ko 'yar kafa ba. Na ce ƙofar gida tana gaba, kuma a buɗe take. Kafin azahar an shafe wurin da siminti.

Abin da Malama ta faɗa shi ya faru. Mata suka ɗauke ƙafa. Wasu suka koma kiranta a waya, ta zo gida ta same su, ta bayan gida in da hali. Da fari tana zuwa. Daga baya ta gaya mini ta yanke shawara: wadda ke kwance za ta je mata ko da wane lokaci ne, wadda kuwa ke iya zuwa biki da suna da ƙafarta, ta zo ta zaure. Ba ni na sa ta ba. Na dai lura ta daina kallona a kaikaice.

Zaure kuwa ya fara cika. Akwai inuwa, akwai dakali, ga tsoho da rediyonsa da gumakan itacen da yake ɗora huluna a kai suna shan rana a jere. Maza suka fara kawo wanki, kube da damanga, wasu hulunan ma ba su yi dattin kirki ba. Na san abin da ya kawo su. Sun zo su ga masu shiga wurin Malama da idonsu, su samu abin da za su kai wa hakimi. Na sa aka ƙara musu tabarma da randar ruwa. Tsoho kuwa ya riƙe aikinsa da gaske. Ko ɗan acaba ne ya zo neman abokinsa, sai ya ɗaga murya har ƙurya ta amsa: ana sallama da wane. Wani malamin makaranta ya roƙe shi ya rage, jaririnsa na firgita. Tsoho ya ce ba shi ya tsara aikin ba.

Suka yi ta zama ba su ga komai ba. Amma rashin gani bai sa kowa ya janye magana ba. Wasu suka ce ai ta san ana kallo ne. Alhaji mai fetur, wanda ya koma wani shago a bakin hanya, ya riƙa cewa na kori mai salla na bar marasa salla. Mai unguwa ya aiko mini cewa ya tsayar da ranar da za mu je gaban hakimi. 'Ya'yan Malama suka dawo daga islamiyya suna kuka saboda abin da aka faɗa musu a kan uwarsu. Washegari na tarar ta fara ɗaure kaya a buhuna. Ta ce ta samu ɗaki kusa da wurin aikinta, ba ruwa ba wuta, amma ba mai nuna 'ya'yanta da baki. Na roƙe ta ta jira a je gaban hakimi. Ta ce ni ina da gida ina da fansho, ina iya yin taurin kai, ita kuwa 'ya'ya gare ta. Ban musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa. Ta yarda ta jira ƙarshen wata, ba don ni ba, don yara su gama jarrabawa.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar, ina tsakar gida muna magana da wani kafinta da na kira ya yi gyare-gyare, na ji hirar zaure ta yanke. Na matsa na leƙa. Zauren a cike yake, mai unguwa ma yana ciki, ya zo karɓar hularsa. A bakin ƙofa kuwa matarsa ce tsaye, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, riƙe da sanda, tana haki. Na san ta a cikin masu bin lungu, ita ce ba ta taɓa rufe fuska ba in ta gan ni.

Ta yi sallama da ƙarfi. Aka amsa a rarrabe.

"Ku janye ƙafafunku in wuce," ta ce. "Kaina ke sarawa tun jiya, wurin Malama za ni."

Mai unguwa ya ce, a hankali, da ta bari ya sa a kai ta asibiti.

"Yaushe? Tun bara kake kai ni asibitin nan, Malam. Shekara nawa ina taka kwata a lungu saboda bakinku, yanzu an toshe. Katanga kuke so in haura? Matsa, kai ma."

Ya matsa. Kowa ya naɗe ƙafa. Tsoho mai hula ya rasa yadda zai yi, tun da ba a kira wa mace kowa, amma bai iya haƙura ba, sai ya ɗaga murya ya sanar da gidan cewa ga Inna nan ta shigo. Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ta ratsa su a hankali, sandarta na buga daɓe, ta wuce ni, ta ɗaga labulen Malama. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta sake bi ta zauren, ta tsaya ta gaya wa mijinta abin da awo ya nuna, a gaban kowa, ta ce gishirin da yake cewa a ƙara a miya shi zai kashe ta.

Bayan Inna sai matar ladan, da rana tsaka, da jikanta a kafaɗa. Bayanta wasu biyu tare. Maza suka koyi sunkuyar da kai in mace ta doso, domin ba wanda ya san ko tasa ce.

Mai unguwa ya sake kirana, wannan karon shi kaɗai. Ya ce ya duba lamarin, ba sai an je gaban hakimi ba, magana ta wuce, a bar ta. Na yi masa godiya. Sannan na ce ban yarda ta wuce haka ba.

A wurin aikina, in an karanta labari ba daidai ba, ba a yin shiru a ce mutane za su manta. Ana karanta gyara, a shirin da aka yi kuskuren, don waɗanda suka ji na farko su ji na biyu. Na san ya yi maganar Malama a ƙofar masallaci bayan salla, a gaban maza, ba sau ɗaya ba. Na ce masa a can nake so ya janye ta.

"Ke 'yar nan, ni za ki sa in tsaya in ce na yi ƙarya?"

"A'a, Baba. Ka ce an bincika ba a samu komai ba. Ai haka aka yi."

"In na ƙi fa?"

"Sai mu je gaban hakimi ranar da ka tsayar. Zan roƙa a kira duk wanda ya taɓa shiga ɗakinta ya ba da shaida. Inna zan fara ambata."

Ya ce mahaifina mutum ne mai sanyi, bai san inda na samo wannan hali ba. Na ce Allah ya ji ƙansa. Ya ce amin, ya sallame ni bai ce eh ko a'a ba.

Ranar Juma'a, bayan la'asar, ya yi. Ba na wurin, ba wurin tsayuwar mata ba ne. Tsoho mai hula ne ya kawo mini rahoto, yana kwaikwayon har gyaran muryar. Mai unguwa ya ce maganar da ake yi a kan gidan marigayi da matan da ke ciki, an bincika, babu komai, kowa ya kama bakinsa ya ji tsoron Allah. Ke nan. Bai ambaci wanda ya fara maganar ba, bai nemi afuwar kowa ba. Alhaji mai fetur ya sa takalmi ya tafi kafin a shafa addu'a.

Ba zan ce suna ya wanku tas ba. Har yanzu akwai masu cewa gidan kowa, kuma in na ji sai in tsaya in ce wa mutum ya maimaita, ban ji da kyau ba. Yawanci ba sa maimaitawa. Alhaji ba ya amsa gaisuwata. Yayana ya daɗe kafin ya sake taka gidana, kuma da ya zo bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Amma yaran unguwa suna shiga yanzu, har sai an kore su daga bakin famfo.

Na je na gaya wa Malama abin da aka faɗa a masallaci, kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Tana zaune a kan ɗaya daga cikin buhunan da ta ɗaure, tana tsince shinkafa. Ta saurara har na gama. Ta tambaye ni ko ya ambaci sunanta. Na ce a'a, matan da ke ciki ya ce. Ta ce ya yi kaɗan. Na ce ni ma haka na gani, amma a gaban maza ya faɗa, da bakinsa.

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ɗaga kai ta nuna mini kusurwar rufin ɗakin, inda silin ya yi baƙi ya kumbura.

"Wurin nan yoyo yake yi, a kan katifar yara yake zuba. Na gaya wa wakilin mahaifinki har na gaji. In zama zan yi, Hajiya, sai an canza kwanon, ba faci ba."

Kafintan nan ranar ma ya zo aiki, bai tafi ba, yana ɗakin malaman makaranta yana gyaran taga. Na leƙa tsakar gida na kira shi, na ce ya zo da tsani.